Ruwa, kitse da tsoka: sharhi bisa ƙa'idar ESPEN/EASO ta 2022 da awon jikin masu wankin ƙoda

A shekarar 2022 ƙungiyoyi biyu na Turai, watau ESPEN mai kula da sha'anin ciyar da marasa lafiya da EASO mai nazarin ƙiba, suka fitar da wata takarda ta haɗin gwiwa wadda Lorenzo Donini na jami'ar Sapienza ta Roma ya jagoranci rubuta ta. An buga ta a mujallu biyu, Clinical Nutrition da Obesity Facts. Manufarta ita ce a tsai da ma'ana guda da hanyar ganewa guda ga abin da ake kira da Faransanci obésité sarcopénique, wanda a nan za mu kira ƙiba mai ramar tsoka: kitse ya yi yawa a jiki, alhali tsoka ta ragu, ƙarfinta kuma ya faɗi. Takardar ta ambaci masu ciwon ƙoda, musamman waɗanda ake yi ma wanki, cikin mutanen da ya kamata a yi ma zaton wannan hali. Sabili da haka muna da hurumin tambaya ko awon da ta tsara ya dace da jikinsu.

Ra'ayinmu shi ne: ga mai wankin ƙoda, sakamakon wannan awo bai dogara ga jikin mutum kaɗai ba. Ya dogara ƙwarai ga sa'ar da aka yi awon, da abin da aka raba nauyin tsoka da shi, da jama'ar da aka samo iyakokin daga gare su. Takardar ba ta ba waɗannan abubuwa uku muhimmancin da suka cancanta ba.

1. Abin da takardar ta gyara

Kafin mu soki takardar, wajibi ne mu faɗi alherinta. Kalmar sarkopeniya Irwin Rosenberg ne ya kawo ta a 1989, daga Girkanci, ma'anarta ƙarancin nama. Richard Baumgartner da abokan aikinsa, a binciken tsofaffin jihar New Mexico ta Amurka (1998), suka ba ta lamba: a auna naman hannuwa da ƙafafu, a raba da murabba'in tsawo, a ce mai ƙasa da kilo 7,26 ga maza ko 5,45 ga mata ya rame. Daga nan kowane mai bincike ya ringa haɗa tasa ma'anar rama da tasa ma'anar ƙiba, har ya kasance ba a iya gwama bincike biyu.

Takardar 2022 ta shimfiɗa matakai uku. Na farko tantancewa: IMC (nauyi bisa murabba'in tsawo) ko faɗin ƙugu ya wuce iyaka, tare da wata alama ta zaton ramar tsoka. Na biyu tabbatarwa: a fara gwada ƙarfi, ta hanyar damƙar hannu ko tashi daga kujera, in ƙarfin ya gaza, sannan a auna jiki da DEXA ko da awon turjiyar jiki ga lantarki, wanda ake kira biyo'ampedans, a ga ko kason kitse ya hau kuma kason tsoka bisa nauyi ya sauka. Na uku rarrabawa: daraja ta I in babu wata illa da ta biyo baya, daraja ta II in akwai.

Sa ƙarfi gaba da nauyin tsoka shawara ce mai kyau, kuma binciken ƙoda ya goyi bayanta. Isoyama da abokan aikinsa (2014) sun bi mutum 330 da suka fara wankin ƙoda a Sitokholm, suka tarar raunin damƙa ya fi ƙarancin tsoka alaƙa da mutuwa. Ƙin dogara ga IMC kaɗai shi ma daidai ne. Tun Fleischmann (1999) da Kalantar-Zadeh (2003) ake maimaita cewa masu wankin jini masu IMC mai yawa sun fi daɗewa a raye, saɓanin abin da aka sani ga sauran jama'a. Amma Beddhu (2003), da ya duba marasa lafiya kusan 70 000 a Amurka ya kuma kimanta tsokarsu da kiriyatinin ɗin fitsari, ya nuna wannan kariya tana ga masu tsoka ne. Postorino (2009) kuma, a Kalabiriya ta Italiya, ya nuna faɗin ƙugu na tafiya da yawan mutuwa ko da an cire tasirin IMC. Ke nan sikeli shi kaɗai ba ya bambanta mai tsoka da mai teɓa. Har nan babu gardama tsakaninmu da marubutan.

2. Ruwa

Gardamar ta fara ne daga ruwa. Duka hanyoyin awon da takardar ta yarda da su an gina su bisa zaton cewa ruwan jiki tsayayye ne. Tun aikin Pace da Rathbun (1945) ake ɗaukar cewa ɓangaren jiki marar kitse kashi 73 cikin 100 ruwa ne. Awon lantarki mai zango guda, na kilohaz 50, ruwa yake kimantawa, sannan a yi lissafi a ce ga yawan nama, a debe shi daga nauyi a ce saura kitse ne. DEXA kuwa, wadda ke aiki da hasken radiyo mai ƙarfi biyu, kashi uku take raba jiki: ma'adinin ƙashi, kitse, da sauran nama. Ba ta da gurbin ruwa na dabam. Duk litar ruwa da ta taru a ƙafa, DEXA za ta rubuta ta cikin nama.

To, mai wankin jini mutum ne da ruwansa ke hawa da sauka kowane mako. In ya daina fitsari, abin da ya sha tsakanin zama da zama yana nan jikinsa, sau da yawa lita 2 ko 3, wani lokaci fiye. Bari mu ƙaga misali domin lissafi. Namiji mai tsawon mita 1,70, busasshen nauyinsa kilo 85, naman hannuwansa da ƙafafunsa kilo 21. Ya zo zama ɗauke da lita 3 na ruwa, a ce 2 daga ciki a ƙafafu suke. Kafin a ɗora shi bisa inji nauyinsa 88, IMC ɗinsa 30,4: ya shiga sahun masu ƙiba. DEXA za ta ga nama kilo 23, watau 26,1% na nauyinsa, sama da 25,7% wadda ke cikin iyakokin da aka saba amfani da su ga maza: tsokarsa ta isa. Bayan awa huɗu an zuƙe ruwan. Nauyinsa 85, IMC 29,4: ya fita daga ƙiba. Namansa 21, watau 24,7%: ya rame. Da safe mai ƙiba ne marar rama, da azahar ramamme ne marar ƙiba, kuma ko giram guda na kitse ko na tsoka bai canza ba. A kowace sa'a aka kama shi, sai ya kuɓuce ma ɗaya daga cikin sharuɗɗan.

Za a ce mana faɗin ƙugu zai kama shi a matakin farko. Mai yiwuwa ne. Amma ga mai wanki ta tantanin ciki, wanda ke yawo da kimanin lita 2 na ruwan wanki a cikinsa, ƙugun ma ba abin dogaro ba ne sai an juye ruwan. Kuma a nan akwai wani tarko: gangar jiki, duk da ta kai kusan rabin nauyin mutum, ɗan kaɗan take bayarwa cikin turjiyar da ake aunawa daga hannu zuwa ƙafa, sabili da kauri da gajartarta. Lantarki kusan ba ya ganin ruwan cikin, sikeli kuwa yana ganinsa, sai lissafi ya maida bambancin kitse. Ba mamaki jagorar abinci ta KDOQI (2020) ta ce babu isasshiyar hujja ta ba da shawarar awon lantarki ga masu wankin tantanin ciki. Ga masu wankin jini ta yarda da shi, ta fi son mai zango da yawa, da sharaɗin a jira aƙalla minti 30 bayan an gama zama domin ruwa ya daidaita tsakanin jijiyoyi da nama. Takardar ESPEN/EASO, da yake ta kowa da kowa ce, ba ta tsara ma mai wanki irin wannan sharaɗi ba, kuma wanda ya ɗauke ta ita kaɗai ya shiga ɗakin wanki zai auna lokacin da ya samu sarari.

Masu aikin ƙoda sun riga sun nemi mafita. Na'urar BCM ta kamfanin Fresenius tana auna turjiya a zango 50, daga kilohaz 5 zuwa 1000. Lantarki mai ƙaramin zango yana zagaye ƙwayoyin jiki, mai babban zango yana ratsa su, da haka ake raba ruwan wajen ƙwaya da na ciki. Sannan tsarin lissafin Chamney (2007) ya raba jiki kashi uku: nama, kitse da ruwansa, da rarar ruwa. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma da shi Wizemann (2009) ya nuna rarar da ta wuce 15% na ruwan wajen ƙwaya tana tafiya da yawan mutuwa. Da shi kuma Marcelli (2015), cikin marasa lafiya fiye da 37 000 na Turai, ya ga waɗanda suka fi daɗewa su ne masu matsakaicin nama da matsakaicin kitse, kuma mafi haɗari shi ne a rasa duka biyun. Sai dai naman da BCM ke bayarwa ba tsokar gaɓoɓi ba ce. Hanta da hanji da zuciya duk suna ciki. Ba a iya ɗaukar lambarta a aza bisa iyakar da aka tsara ma DEXA, ko da yake akan ga an yi hakan. Kuma kitsen nata ba aunawa aka yi ba, saura ne bayan an debe sauran, don haka duk kuskuren da aka yi wurin ruwa a kansa yake ƙarewa.

3. Da mi ake rabawa?

Batu na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, domin cikin lissafi yake. Tsoka kilo 21 ba ta da ma'ana sai an ce ta wane irin jiki ce. Ƙungiyar EWGSOP2 (2019) tana rabawa da murabba'in tsawo, iyakarta 7,0 ga maza da 5,5 ga mata. Mutuminmu na ɗazu, 21 a raba da 2,89, ya samu 7,27: lafiya lau. ESPEN/EASO ta zaɓi rabawa da nauyi, a nan kuwa ya faɗi. Hujjar marubutan ita ce mai ƙiba yana buƙatar tsoka fiye da siriri domin ɗaukar jikinsa, kuma raba da tsawo yana ɓoye ramarsa. Hujja ce mai ƙarfi, mun kuma yarda da rabinta.

Rabin da ba mu yarda da shi ba shi ne wannan. In nauyi ne a ƙasan lissafi, to duk wanda ya ƙara kitse, kason tsokarsa zai sauka ko da tsokar ba ta motsa ba. Sharaɗin farko (kitse ya yi yawa) da na biyu (tsoka bisa nauyi ta yi kaɗan) sun zama kusan fuska biyu ta lamba guda. Ana ƙirga kitse sau biyu, a kira na biyun rama. Mai wankin tantanin ciki da ke tsotsar sukari daga ruwan wankinsa, kalori ɗaruruwa kowace rana, zai iya shiga wannan rukuni ta ƙofar kitse kawai. Mai wankin jini da tsamin jini da kumburin cikin jiki ke narkar ma tsoka, ga asarar sinadaran gina jiki cikin matatar inji kowane zama, zai shiga ta ƙofar rama ta gaske. Suna guda aka ba su, amma ciwonsu dabam, maganinsu dabam.

Girman wannan matsala an riga an auna shi. Kittiskulnam da Johansen (2017), cikin masu wankin jini 645 a San Faransisko da Atlanta, sun raba tsokar mutane ɗaya da abubuwa huɗu: tsawo, nauyi, faɗin fatar jiki, da IMC. Yawan masu ƙarancin tsoka ya tashi daga kimanin 8% zuwa 32%. Lamarca (2014), cikin tsofaffin masu wankin jini a Barazil, ya samu sarkopeniya tsakanin 4% da 63% gwargwadon hanyar da aka bi. Ciwon da yawansa ke iya ninkawa fiye da sau goma sha biyar cikin ɗaki guda, ba tare da ko mutum ɗaya ya shiga ko ya fita ba, bai kai matsayin da za a rubuta shi a katin mara lafiya kamar yadda ake rubuta ciwon sukari ba.

4. Iyakar wa?

Takardar ta ce a yi amfani da iyakokin da suka dace da jinsi da shekaru da asalin jama'a. Magana ce mai daɗin faɗi. Ga Bature da Ba'asiye akwai abin ɗauka: EWGSOP2 ta sa ƙarfin damƙa kilo 27 ga maza da 16 ga mata, lambobin da aka ciro daga binciken Dodds (2014) bisa mutanen Biritaniya; ƙungiyar Asiya a ƙa'idarta ta 2019 ta sa 28 da 18. Ga ƴan Afirka kudu da Sahara, ƙungiyar duniya ta ciwon sukari (IDF) tun 2005 cewa ta yi a ari faɗin ƙugun Turawa, santimita 94 da 80, kafin a samu na gida.

Aron ba ƙaramin abu ba ne. Luke da abokan aikinta (1997) sun gwama baƙar fata a Najeriya da Jamaika da Amurka, suka tarar a IMC guda kason kitse ya bambanta, ƴan Najeriya ne mafi ƙaranci. Binciken PURE (Leong, 2016), a ƙasashe 21, ya nuna matsakaicin ƙarfin damƙa na lafiyayyu ya fi yawa a Turai da Amurka ta Arewa, ya fi kaɗan a kudancin Asiya da Afirka. Ga awon lantarki kuma akwai batun ƙira: tunda hannu da ƙafa ne ke ba da mafi yawan turjiya, mai dogayen gaɓoɓi sirara turjiyarsa za ta fi ta mai gajeru a nauyi guda, kuma lissafin da aka gina bisa wata ƙira zai rage masa nama ya ƙara masa kitse. Duk wanda ya san ƙirar mutanen Sahel zai gane inda wannan ya nufa. Ɗalibin da zai rubuta kundinsa bisa marasa lafiyar sashen wanki na Yamai ko na Damagaram, in ya ɗauki lambar da na'ura ta buga ya aza bisa iyakar Biritaniya, zai samu kaso mai kyan gani a jadawali, amma ba zai iya cewa nawa ne na rama, nawa ne na ƙira ba. Aikin da ya kamata ya riga shi ne a auna lafiyayyun wuri ɗaya da na'ura ɗaya.

A nan ma ruwa ya sake dawowa. A cibiyoyi da yawa na Afirka kudu da Sahara sau biyu ake wanki a mako maimakon uku, don haka tazara ta fi tsawo, ruwan da ke taruwa ya fi yawa, kuma sau da yawa ba a kai ga busasshen nauyi a zama guda. Kuskuren da muka lissafa a sama, wanda ya isa ya juya sakamako da lita 3, a nan ya fi girma. Dangin mara lafiya ma kan faɗa irin wannan ruɗu, su ga fuska ta cika su ce ya murmure. Abin mamaki shi ne na'urar miliyoyi ta yi kuskure ɗaya da su.

5. Daraja ta II da abin da ke biyo bayan suna

Mataki na uku ba sai mun daɗe a kansa ba. Daraja ta II ita ce in akwai illar da ake iya jingina ma wannan hali: ciwon sukari da makamantansa, ciwon zuciya da jijiyoyi, ciwon numfashi, gazawar motsi. A ɗakin wanki wa ya rasa ɗaya daga cikinsu? Kuma wa zai iya rabe ciwon zuciyar da ƙiba ta kawo da wanda mutuwar ƙoda ta kawo? Kusan kowa zai faɗa daraja ta II, rarrabawar ba ta rarraba komi ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne kalmar ƙiba da ke gaban sunan. Likitan da ya gan ta, da mara lafiyar da ya ji ta, abin da zai fara zo masu shi ne a rage ci. Mai wankin ƙoda kuwa an riga an taƙaita masa gishiri da ruwa da abinci mai fotasiyom da fosfor, ga rashin sha'awar abinci da ciwon kansa ke kawowa. KDOQI (2020) tana son ya samu furotin giram 1,0 zuwa 1,2 ga kowane kilo a rana, da kalori 25 zuwa 35. In an ƙara masa dokar rage nauyi babu lura, nama da ƙwai da wake ne za su fara fita daga akushi, tuwo ya rage. Ma'aunin ƙungiyar ISRNM (Fouque, 2008) ya ɗauki IMC ƙasa da 23 a matsayin alamar zubewar jiki ga waɗannan marasa lafiya, abin da ke nuna wace fuska haɗarin ya fi karkata. Sababbin magungunan rage ƙiba irin su semaglutide sun ƙara ma tambayar nauyi, tunda wani kaso na abin da suke ragewa nama ne. Akwai wurin da rage kitse ya zama dole, misali inda cibiyar dashen ƙoda ta sa iyakar IMC. A can ne awon jiki ke da amfani na zahiri, domin a ga mi ke zubewa.

Wannan ne ya sa muke ganin amfanin awon ba wurin laƙaba suna yake ba, wurin bin mutum guda yake. Kuskuren ƙira da na iyaka yana bin mutum iri ɗaya kowane wata, don haka in an gwama shi da kansa yawancinsa ya soke. KDOQI ma da wannan sharaɗi ta karɓi ƙarfin damƙa: a samu awon farko da za a gwama da shi. Abin da ake buƙata shi ne tsari tsayayye: na'ura guda, rana guda cikin mako (ba wadda ta biyo doguwar tazara ba), sa'a guda game da zama, a rubuta rarar ruwa kusa da kowace lamba, a rubuta tsoka bisa tsawo da bisa nauyi duka biyu. Inda babu DEXA ko BCM, ma'aunin damƙa da kujera da agogo da mitir irin na tela sun isa a fara: tashi biyar daga kujera da ya wuce daƙiƙa 15 alama ce, haka tafiyar da ba ta wuce mita 0,8 a daƙiƙa ba. Gwajin EXCITE na Italiya (2017) ya ƙara ma masu wanki nisan tafiyar minti shida da shirin tattaki a gida kawai, ba tare da an tace su da awon kitse ba. Damƙar a hannun da babu haɗin jijiyar wanki ake auna ta, kaurin sha-raɓa kuma bayan zama, in yatsa ya daina lotsawa a ƙwauri.